Katin Mai Burodi

"To in ɗigon ya ɓace fa?"

"Ba ya ɓacewa, Inna," in ji Auta, tana ƙara matso da wayar kusa da hancin uwarta. "Ke ce ɗigon. In kin yi gaba ya yi gaba, in kin tsaya ya tsaya."

Inna ta gyara zaman tabaraunta ta leƙa. A tsakiyar taswirar akwai wani shuɗin ɗigo yana numfashi a hankali, daidai kan rufin gidansu. Ta ce shekararta hamsin da takwas a duniya, an kira ta tela, an kira ta uwar yara, an kira ta matar mai burodi, amma yau aka fara kiran ta ɗigo. Auta ta yi dariya har ta kusa kifar da gwangwanin allurai da ke kan keken ɗinki.

Kwana uku ke nan ana wannan darasi. Auta, wadda ke koyon aikin jinya, ta jera wa uwarta manhajoji huɗu a fuskar waya, ta ƙara girman rubutun har ya koma kamar na allon talla. Ta farko ta jirgin ƙasa ce, tana riƙe da tikiti kuma tana faɗin inda jirgi yake. Ta biyu ta taswira, mai muryar wata yarinya da ba ta gajiya da cewa a juya dama. Ta uku ta masaukin da Inna za ta kwana. Ta huɗu ta gidan talabijin, kuma ita ce dalilin tafiyar baki ɗaya.

A bakin taga Mai Burodi yana zaune cikin keken marasa lafiya, yana kallon su da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan a rabi. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma wata irin gunaguni da Inna kaɗai ke iya tsinto kalmomi a ciki. Kafin nan ya yi shekara ashirin da bakwai yana kwana a gaban tanda. Abokin hirarsa a duk waɗannan shekaru wani ƙaramin talabijin ne da ke kan kantar buhunan fulawa, da mutumin da ke fitowa a cikinsa ƙarfe sha ɗaya, riƙe da wani ƙaton kofi. A gidan Mai Kofi ake ce masa. A bayan teburinsa akwai faffaɗar taga, ana hango fitilun babban birni da farin wata.

"Shi ma bai yi barci ba, Tela," haka Mai Burodi kan ce. "Namu ne."

Inna kuwa ba ta taɓa ƙaunar Mai Kofi ba. Ita ta Dogo ce, mai shiri a ɗaya tashar, wanda yakan harɗe hannu ya bar baƙo ya kai aya. Gardamar Mai Kofi da Dogo ta girmi Auta. An yi ta a kan abincin safe, an yi ta a hanyar asibitin haihuwa, sau ɗaya ma har da kwana biyu ba a ga maciji. Tun da ciwon ya zo babu abin da Inna ta yi kewa kamar wannan gardama. Takan ja ta da gangan, ta kushe Mai Kofi son ranta, shi kuwa sai dai ya buga cokali a hannun kekensa.

Yanzu Mai Kofi zai ajiye aiki, gobe Alhamis ne shirinsa na ƙarshe. A ƙarshen kowane shiri yakan zaro kati uku daga wani kwando da ake ajiyewa a bakin ƙofa domin 'yan kallo, ya gai da masu aikin dare da aka rubuta a ciki. Sai wanda ya je da ƙafarsa ke jefa kati. Mai Burodi ya yi ta cewa wata rana zai je, tanda ba ta bar shi ba. Da Auta ta saka sunan uwarta a ƙuri'ar kujeru ta manhajar tashar, kujera guda ta fito, sai Mai Burodi ya nemi takarda. Kwana huɗu ya yi yana rubuta layi biyu da hannun hagu, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Katin yana cikin jakar Inna yanzu, a naɗe cikin ƙyallen atamfa.

Babba, ɗansu na fari, akawu ne a wani kamfani, kuma tun farko ya ce wannan ganganci ne. Ya ɗauki hutun kwana ɗaya don ya zauna da uban, amma bakinsa bai ɗauki hutu ba. Ya tuna wa Inna cewa ko kasuwar ƙetaren gada sai an raka ta. Ya ce wata huɗu ke nan takardar likita tana kan firij, wadda ta ce a kai Baba asibitin koyon motsi na babban birni kowace Litinin aka samu dama, ba a samu mai kai shi ba, sai yanzu za a tafi kallon mai barkwanci.

Maganar takardar ta soki Inna inda ke ciwo. Ta dai ce wa Auta ta sake nuna mata yadda ake tambayar yarinyar nan hanya.

Saƙon gidan talabijin ya ce za a aiko da lokacin shiga a ranar. Babu wanda ya damu da wannan. Shirin dare ne, sha ɗaya ake yi, kowa ya ga wata a taga. Auta ta yanki tikitin jirgin goma da rabi na safe, mai tsayawa a kowace tasha, zai isa biyar da rabi. Inna za ta huta, ta yi wanka, ta tafi a natse.

Da safe ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta tun bara ba ta samu inda za ta sa ba. Da ta sunkuya yi wa mijinta sallama, ya kama bakin mayafinta da hannun hagu ya daɗe bai saki ba.

Jirgin ya tashi a kan lokaci. Inna ta samu kujerar taga, ta ɗora jaka a cinya, tana kallon ɗigonta yana rarrafe a kan wani baƙin layi. Kusa da ita wata malamar makaranta ce da tarin takardun jarrabawa da jan biro. Kafin tasha ta uku sun san adadin 'ya'yan juna, kafin ta biyar sun shiga maganar masu shirin dare. Malamar ta ce ita duka biyun sun ishe ta, Mai Kofi surutu, Dogo kuma kamar mai zaman makoki. Ta ce wata yarinya ce a sabuwar tashar talabijin ta iya tambaya, tana murmushi tana yanka. Inna ta ce Dogo ba makoki yake ba, tarbiyya ce. Abin mamaki, da malamar ta ce barkwancin Mai Kofi ya tsufa tun tana 'yar makaranta, sai Inna ta ji kanta tana cewa ai dai yana da zuciya. Ta yi sauri ta rufe baki, ta waiga kamar mijinta na bayanta.

Sha biyu da 'yan mintoci wayar ta yi ƙara. Manhajar gidan talabijin ce. Inna ta karanta sau biyu, tana bin kalmomin da yatsa. Za a buɗe ƙofa uku da rabi na rana, a rufe ƙarfe huɗu. Wanda ya makara ba zai shiga ba.

Ta miƙa wa malamar, ta ce ta duba mata, da alama mai rubutun ya yi kuskure.

"Babu kuskure, Inna," in ji malamar. "Ai da rana ake ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye, a ajiye sai dare a saka. Kowa ya sani."

"Watan fa? Wanda ke taga?"

Malamar ta dube ta, ta ajiye jan biron a hankali.

Rashin sani ya fi dare duhu. Jirgin Inna biyar da rabi zai isa, ƙofa kuma huɗu za a rufe. Ta kira Auta, waya a kashe. Tana ɗakin tiyata, wayarta na kulle cikin lokar ajiye kaya har shida. Ta kira ta sau tara duk da haka. Daga nan ta kira Babba.

Bai yi mata faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Cikin murya mai laushi ya ce ta sauka a tasha ta gaba ta jira jirgin dawowa, shi zai san yadda zai gaya wa Baba, dama ai abin bai kai a wahala ba. Yana cikin magana Inna ta jiyo wani sauti a bayansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Cokali ne a hannun keke. Mai Burodi ya gane da ita ake waya, yana gaishe ta.

Ta kashe kiran.

Ta zauna da wayar a tafin hannu, tana tuno muryar Auta: in abu ya rikice, ki gaya wa wayar inda za ki da lokacin da kike son isa, sauran aikinta ne. Inna ta buɗe manhajar jirgi. Yatsunta sun yi kanta saboda allura, gilashin ba ya jin su kullum, don haka ta danna ɗan hoton makirfon ta yi magana a fili, da ladabi, kamar mai roƙon maƙwabciya aron turmi. Ta ce tana son ta isa babban birni kafin uku da rabi, don Allah.

Wayar ta yi ɗan tunani, ta kawo amsa guda. A sauka a babbar mahaɗa ƙarfe ɗaya da minti goma, a haye dandamali na biyar, a hau jirgi mai sauri na ɗaya da sha bakwai. Zai isa uku da ashirin.

Malamar ta ce minti bakwai ne fa kacal, ga matakala, ga jama'a, ga shekaru. Inna ta ce ta taɓa haɗa rigar amarya da aka ɓata tsakanin azahar da la'asar, amaryar na tsaye a kanta tana kuka. Ta danna inda aka ce a canza tikiti. Wayar ta nemi zanen yatsa. Tun a gida babban yatsan Inna ya ƙi karantuwa, allura ta cinye zanen, sai da Auta ta yi mata rajista da ɗan ƙaramin. Ta ɗora shi kamar mai ɗanɗana miya. Tikitin ya sauya launi, ya zama kore.

Jirgin ya shiga mahaɗar da lattin minti uku. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tun kafin ya tsaya, jaka a hammata, mayafi a ɗaure a ƙugu. Da ƙofa ta buɗe mutane suka kwarara zuwa matakala, don babban allon tashar yana nuna dandamali na biyar. Ta ɗaga ƙafa za ta bi su, wayar ta girgiza a hannunta: an mayar da jirginki dandamali na biyu.

Ta dubi allo, biyar. Ta dubi waya, biyu. Ta dubi bayan mutane wajen hamsin da ke hawa matakala, maza masu jakunkunan ofis waɗanda da gani sun saba. Zuciyarta ta ce bi jama'a, Tela, wace ce ke? Amma tun safe yarinyar nan ta cikin waya ba ta yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba. Dandamali na biyu kuwa ga shi nan a gefenta, taku goma, wani dogon farin jirgi yana shigowa ba hayaniya.

Ta taka goman nan. Ta nuna wa mai duba tikiti wayar, na'urarsa ta yi ƙyas, ya nuna mata kujera. Sai da ta zauna lasifikar tashar ta farka ta sanar da canjin, ta ga masu jakunkunan ofis suna gangarowa a guje, wani hularsa a hannu. Rabin su ba su samu ba. Inna ta sumbaci bayan wayar, ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ko 'yar wace ce.

Uku da ashirin da huɗu ta sauka a babban birni. Tashar kaɗai ta fi unguwarsu girma. Ta maƙala abin ji a kunne ta tambayi taswira gidan talabijin. Hanyar bas ta yi ja wur kamar an yanka ta, minti arba'in saboda cunkoso. A ƙafa minti ashirin da biyu. Ta ɗaure igiyar takalminta ta fita.

Farkon fita ta yi hagu maimakon dama. Ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta lura ɗigon yana guje wa layin da aka shata masa. Yarinyar ta ce, cikin muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka, a juya a koma baya. Ba ta ce na faɗa miki ba. Inna ta raya a ranta cewa da Babba ne da sai ta ji tarihin kasuwar ƙetaren gada. Ta juya. Ta wuce kantin takalma, ta wuce wani gini mai gilashi da ta ga kanta a ciki, wata mata mai sabuwar riga tana sauri kamar ta san inda za ta. Gwiwarta ta hagu ta fara ƙorafi, ta ce mata ta yi shiru sai sun koma gida.

Huɗu saura minti huɗu ta tsaya a gaban mai gadin ƙofa, numfashi na fita da ƙyar. Ya haska wayarta, ya ce ta ci sa'a. Ta kwance ƙyallen atamfa ta fito da katin, ta tambaye shi kwando.

Ya ce an shiga da kwando tun huɗu saura kwata. Ba a ƙara kati bayan an shiga da shi, doka ce.

Ta roƙe shi. Ta ce masa daga nesa take. Ya ce kowa daga nesa yake yau, ta shiga ko ya rufe. Ta shiga da katin a hannu.

Ɗakin bai kai rabin yadda yake a talabijin ba. Aka ba ta kujerar ƙarshe a layin baya, kusa da ƙofa. Daga nan ta hango tebur, ta hango kwandon a kai, ta hango tagar. Allo ne. Wani faffaɗan allo mai fenti, an huda shi an saka ƙananan ƙwayayen lantarki, wani ma'aikaci a kan tsani yana canza guda da ta mutu. Da ya sauko ya danna wani abu a bango, watan ya kama. Inna ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Shekara ashirin da bakwai mijinta na gai da wannan wata ta cikin hayaƙin tanda.

Mai Kofi ya fito, ya fi yadda take zato gajarta da tsufa. Aka yi tafi, aka yi baƙi, aka yi barkwanci, ya katse kowa kamar yadda ya saba. Inna ba ta ji rabin abin da aka ce ba. Katin ya jiƙe da gumin tafinta. Can wajen ƙarshe ya zaro kati uku ya karanta, mai gadin banki, direbar motar asibiti, wani mai gyaran injin ruwa. Shi ke nan, ta ce a ranta, na kawo ka har bakin rijiya ban ba ka ruwa ba.

Sai Mai Kofi ya tashi daga teburin. Ya ce tunda yau ce ta ƙarshe zai yi abin da bai taɓa yi ba, zai shigo cikin jama'a. Ya tambaya wa ya fi kowa zuwa daga nesa. Wani ya ce kilomita ɗari biyu. Wata ta ce ɗari uku da hamsin, aka tafa mata, ya nufi wajenta.

Inna ba mai ɗaga murya cikin taro ba ce, ko a biki can baya take zama. Amma ta buɗe taswira, ta ga lambar da ke ƙasan layin da ɗigonta ya ja tun safe, ta miƙe tsaye da wayar a sama.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu," ta ce. "Jirgi biyu da ƙafa. Ga shi a rubuce."

Fitila ta juyo kanta. Mai Kofi ya hau matakala har layin baya, ya leƙa wayar, ya jinjina kai, ya sa mata makirfon a baki.

"Lallai Inna, ke masoyiyata ce ta gaske."

"A'a," in ji Inna. "Ni Dogo nake kallo."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Mai ɗaukar hoto har kyamararsa rawa take. Mai Kofi ya dafe ƙirji kamar an harbe shi, ya tambayi laifinsa. Tunda ya tambaya, Inna ta gaya masa. Ta ce yana dariyar barkwancinsa tun kafin ya gama faɗa. Ta ce shekara da shekaru yana riƙe da kofi ba a taɓa ganin ya kurɓa ba, in ba ya sha ya ba mai so. Ta ce babban laifin kuma, ba ya barin baƙo ya kai aya.

"Amma Inna, ai ni..."

"Ka gani ko? Ka fara."

Ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya miƙa mata makirfon ɗin kacokan. Sai da dariya ta lafa ta yi magana, kuma muryarta ta sauka. Ta ba su labarin wani mutum da ya yi shekara ashirin da bakwai yana gasa burodin da unguwa ke karyawa da shi, ba abokin hira sai ɗan talabijin a kan buhun fulawa. Ta ce mutumin yana cewa Mai Kofi nasu ne, shi ma ba ya barci. Ta ce yanzu yana zaune a keke, hannun da ke murza ƙullu ya daina jin magana, da na hagu ya rubuta wannan, kwana huɗu. Ta ce ta makara kwando da minti goma sha ɗaya.

Babu wanda ya katse ta. Mai Kofi ya karɓi katin, ya daɗe yana kallon karkatattun haruffan, sannan ya juya ga kyamara ya karanta: "Kana tare da ni a gaban tanda shekara ashirin da bakwai. Na gode. Mai Burodi." Ya share ido da bayan hannu. Ya ce wa Mai Burodi ya yafe masa, shi kam ƙarfe tara yake kwanciya, masu aikin dare na gaskiya su ne irinsa. Ya ɗaga kofin sama, ya kafa kai ya shanye. Ruwa ne, ya nuna wa Inna gindin kofin don ta shaida.

Biyar da ashirin ta fito, rana tana nan a sama ba ta da niyyar faɗuwa. Ta buɗe manhajar masauki don ta nemi hanya, sai ta tsaya cak a tsakiyar titin masu ƙafa. In yanzu aka ɗauka, sai sha ɗaya za a saka. Ta ƙirga da yatsu. Ta rufe ta masauki ta buɗe ta jirgi, ta yi magana, wannan karon ba da muryar roƙo ba. Akwai mai sauri shida saura minti goma, a canza a mahaɗa, a isa gida goma da rabi. Ta soke ɗakin kwanan da ɗan ƙaramin yatsanta, ta juya ta nufi tasha, ba ta yi kuskuren kwana ko ɗaya ba.

Ƙarfe shida Auta ta buɗe loka ta tarar da kira tara, ta ga ɗigon uwarta a taswira yana komawa gida. Ta aiko da saƙo cike da ban haƙuri. Inna ta mayar mata da murya: kada ta ce wa kowa komai, ta dai ɗora shayi. Sauran tafiyar ta yi ta ne tana latse-latse a manhajar jirgi, tana duba wani abu, tana rubutawa a bayan guntun takardar awon ɗinki.

Sha ɗaya saura kwata ta yi sallama a ƙofar ɗaki. Babba ya karɓi jakarta da fuskar ta'aziyya, ya ce ba komai, ai ta yi ƙoƙari. Mai Burodi yana gaban talabijin tun tuni, an sa masa farar rigarsa. Da ya gan ta, ɓarin fuskarsa mai motsi ya faɗi ya yi daidai da ɗayan. In tana nan, to ba ta can. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye cokalin a cinya.

Inna ta ji kamar ta fasa sirrin, ta daure. Ta jawo kujerar keken ɗinki ta zauna a damansa, ta ɗauki hannun nan mai sanyi ta riƙe cikin nata biyu. Aka fara shirin. Ya kalla shiru, ita kuma shi take kallo. Aka karanta kati uku babu nasa, ya lumshe ido.

Sai wata murya ta fito daga talabijin tana cewa ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ya buɗe ido. Ya dubi matar da ke cikin akwatin da sabuwar riga, ya juyo ya dubi wadda ke riƙe da hannunsa da rigar nan dai, ya sake komawa. Auta ta cusa mayafi a baki. Babba ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Da aka zo wurin Dogo, wani sauti ya fito daga ƙirjin Mai Burodi wanda gidan bai ji ba wata bakwai, dariya ce, a karkace, mai tari a ciki, amma tasa ce. Da aka karanta katin hawaye ya gangaro ta ido biyun, har wanda ke rabi. Da Mai Kofi ya ce ƙarfe tara yake kwanciya, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna talabijin, ya tattaro leɓɓansa da ƙyar.

"Ashe... barci... yake. Ɗan banza."

Kowa ya ji, har Babba, ba sai Inna ta fassara ba.

"Shekara nawa ina gaya maka," in ji ta, tana share masa fuska da bakin mayafi. "Dogo ba zai yi maka haka ba."

"Dogo... ma," ya ce.

Gardama ta dawo gida. Auta ta durƙusa ta rungume su su biyun tana kuka tana dariya, shayi yana tafasa a kicin ba mai kula shi. Babba ya yi ta shafa ƙeya. Can ya je firij ya ciro takardar likita, ya ce lallai bakin Baba ya fara sakuwa, bai kamata a ƙara jinkiri ba, zai nemi hutu wata mai zuwa in manaja ya yarda.

Inna ta zaro takardar awo daga jaka, ta gyara tabarau, ta ɗora wayar a kan cinyar mijinta, shuɗin ɗigon yana numfashi a kan rufin gidansu.

"Bar manajanka ya huta," ta ce. "Jirgin Litinin na ƙarfe bakwai yana da wurin keke a tarago na uku, a mahaɗa akwai lif, ba sai an hau matakala ba, daga tasha zuwa asibitin minti tara ne. Auta, goge masa farar rigar nan. Ni zan kai shi."